Jagorar Karantawa, Tantancewa da Adana Tsofaffin Mujallun Zane na Baƙin Sama da Dodanni

Daga shekarar 1950 zuwa farkon shekarun 1960, kamfanonin ɗab'i na Amurka sun cika shagunan sayar da jaridu da wasu ƙananan mujallu masu launi, waɗanda ake ba da labari a cikinsu ta hanyar zane da rubutu, kuma mafi yawan labaran sun ginu ne a kan abu guda: wata halitta daga wata duniya ta sauko doron ƙasa, ko wani ƙaton dodo ya farka daga barcinsa ya nufi gari. Ana sayar da kowace mujalla a kan sent 10, an buga ta a kan takardar jarida mafi arha, kuma babu wanda ya yi tunanin za ta kai shekara guda a hannun yaro, balle shekara saba'in. Wanda ya shiga wannan fage yau ba tare da jagora ba zai ga sun yi kama da juna har ya kasa bambance su. Amma da zarar ya san kamfanin da ya buga mujalla da shekarar da ta fito, to kusan ya san irin labarin da zai tarar a ciki, kuma wannan sanin shi ne zai kare masa lokacinsa da aljihunsa.

Mataki na farko: sanin zamanin da ya haifi labaran

Kafin a buɗe shafi ko ɗaya, yana da kyau a riƙe wasu shekaru a ka. A 1945 aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, kuma tun daga lokacin Amurkawa suka shiga fargabar abin da kimiyya za ta iya haifarwa. Ranar 24 ga Yuni, 1947, wani matuƙin jirgi mai suna Kenneth Arnold ya ce ya ga wasu abubuwa tara suna gudu a sama kusa da dutsen Rainier a jihar Washington, jaridu suka laƙaba musu sunan faranti masu tashi, kuma a watan Yulin wannan shekara batun Roswell, garin Amurka da aka ce wani irin wannan faranti ya faɗo kusa da shi, ya biyo baya. Yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet yana ta ƙara zafi, mutane suna zargin maƙwabtansu da zama 'yan leƙen asiri, sannan ranar 4 ga Oktoba, 1957, Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik. Idan mai karatu ya ci karo da labarin baƙon sama da ya rikiɗa ya zama kamar mutum yana zaune a unguwa ba a gane shi ba, ko ƙwaron da tururin nukiliya ya mayar da shi ƙato kamar bene, ya sani cewa tsoron waɗannan shekaru ne aka zana masa fuska.

Shekara mafi muhimmanci a wannan fage ita ce 1954. A cikinta wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafin da ya ɗora wa mujallun zane alhakin lalacewar tarbiyyar yara, wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya yi zaman sauraron bahasi a birnin New York a watan Afrilu, kuma kafin ƙarshen shekarar kamfanonin suka kafa hukumar tace ayyukansu da kansu mai suna Comics Code Authority. Daga farkon 1955 aka fara ganin hatiminta a kusurwar dama ta saman bango, fari ne mai siffar kan sarki. Dokokinta sun haramta nuna zubar jini a fili, da gawawwaki masu tafiya, da masu shan jinin mutane. Ba su haramta baƙin sama da manyan dodanni marasa asali a tatsuniyar tsoro ba, don haka sai mawallafa suka karkata can gaba ɗaya. Mujallar da ba ta da wannan hatimi, in dai ta manyan kamfanonin da suka shiga hukumar ce, yawanci ta riga 1955, kuma labaranta sun fi ɗaci da ƙarewa da halaka. Wadda ke ɗauke da shi kuwa yawanci mutum ne zai yi nasara a shafin ƙarshe.

Mataki na biyu: bambance gidajen ɗab'i

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin kowane kamfani yana da halinsa.

Kamfanin EC na William Gaines ya fara fitar da Weird Science da Weird Fantasy a 1950, ƙarƙashin editan da ya rubuta yawancin labaran da kansa, Al Feldstein. A 1954 aka haɗe mujallun biyu suka zama Weird Science-Fantasy, daga baya aka sake mata suna zuwa Incredible Science Fiction, ta mutu a farkon 1956. Kowace fitowa tana ɗauke da labarai huɗu, masu shafi shida zuwa takwas, rubutu ya cika saman kowane gidan zane, wato ƙananan murabba'an da aka raba shafi da su, kuma labarin kan juya a gidan ƙarshe ta yadda ba a zata ba. Wally Wood shi ne gwanin zana cikin kumbo da dubban maɓallai da wayoyi, Al Williamson kuma ya fi kowa iya zana jiki da dazuzzukan wasu duniyoyi. A ganina duk wanda yake son ya fahimci abin da wannan fanni zai iya yi idan aka ɗauke shi da muhimmanci, da EC ya kamata ya fara, saboda a nan sau da yawa baƙon ne yake zuwa da salama, mutum kuma shi ne mugun. Akwai labarin Judgment Day da Joe Orlando ya zana a Weird Fantasy ta 18 a 1953, inda wani manzo daga duniyarmu ya je duba wata duniyar mutum-mutumi, ya tarar ana ware masu launin shuɗi daga masu launin lemo alhali ƙirarsu ɗaya, ya hana su shiga ƙungiyar duniyoyi, sannan da ya koma kumbonsa ya cire hular ƙarfensa sai ga baƙar fata. Lokacin da aka zo sake buga labarin a fitowa ta 33 ta Incredible Science Fiction, shugaban hukumar tacewa, Charles Murphy, ya nemi a canza launin fatar mutumin, Gaines ya ƙi, aka buga shi yadda yake, kuma wannan ce mujallar zane mai launi ta ƙarshe da EC ya fitar a wancan zamani.

Kamfanin Martin Goodman, wanda aka sani da Atlas kafin ya zama Marvel, shi ne gidan dodanni na haƙiƙa, musamman daga 1959 zuwa 1962. Mujallunsa huɗu su ne ginshiƙi: Strange Tales, Journey into Mystery, Tales to Astonish da Tales of Suspense. Tsarin kusan ɗaya ne a kowace fitowa. Jack Kirby ya zana ƙaton dodo a bango da labarin farko, sau da yawa Dick Ayers ya bi zanen da tawada, Don Heck ko wani ya cike tsakiya, Steve Ditko kuma ya rufe da gajeren labari mai shafi biyar mai sanyi da ban tsoro. Stan Lee da ƙaninsa Larry Lieber ne ke kan rubutun. Sunayen dodannin da gangan aka yi su masu nauyi a baki, irin su Goom, Googam da Fin Fang Foom, wanda ya fito a Strange Tales ta 89 a 1961. Groot, wanda matasan yau suka sani a finafinai a matsayin jarumi, ya fara bayyana ne a Tales to Astonish ta 13 a Nuwamban 1960 a matsayin mugun sarki daga wata duniya, jikinsa itace, ya zo ya ɗauke wani ƙaramin gari ɗungurungum don a yi gwaji a kan mutanensa. Harsashi bai yi masa komai ba. Wani masanin kimiyya da matarsa ke yi wa kallon rago ne ya kiwata gara a ɗakin gwajinsa ya sake masa ita, ta cinye shi. Wannan labari ya tattara dukan dabarar gidan: ƙarfi ya gaza, sai wanda aka raina ya kawo mafita da abu ƙarami.

Kamfanin DC ya bi wata hanya dabam. Edita Julius Schwartz, wanda ya fito daga cikin masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya, shi ne ya kula da Strange Adventures tun 1950 da Mystery in Space tun 1951, tare da marubuta irin su Gardner Fox da John Broome, da masu zane irin su Carmine Infantino, Gil Kane da Murphy Anderson. Zanen yana da tsabta, jaruman suna sanye da kwat, kuma kowane labari kamar kacici-kacici ne: baƙi sun zo sace wani abu, tilas a gano wata ƙa'idar kimiyya da za a kayar da su da ita kafin shafi na takwas. Sau da yawa bangon ake fara zanawa, sannan a nemi marubuci ya ƙirƙiro labarin da zai dace da shi.

Sauran ƙananan gidaje sun haɗa da ACG mai Forbidden Worlds, da Charlton mai Space Adventures, inda Ditko ya yi ayyuka masu kyau a kan takarda mara kyau, da Avon mai Strange Worlds, da Fiction House wanda Planet Comics ɗinsa ta riga su duka, tun 1940.

Mataki na uku: a karanta kafin a saya

Kada mutum ya kashe ko kwabo kafin ya karanta labarai aƙalla hamsin. Yawancin ƙananan kamfanonin da suka rushe ba su sabunta haƙƙin mallakarsu ba, saboda haka ayyukansu sun zama na kowa, kuma rumbunan intanet guda biyu, Digital Comic Museum da Comic Book Plus, sun tara dubbansu kyauta bisa halal. Ana sauke su a matsayin fayil mai ƙarewa da CBZ ko CBR, wanda hotunan shafuka ne kawai aka ƙunshe wuri ɗaya, kuma manhaja irin CDisplayEx tana buɗe su a waya ko kwamfuta. Allo babba ya fi, domin an tsara shafin ne don ido ya gan shi gaba ɗaya kafin ya shiga gidajen zane ɗaya bayan ɗaya.

Ayyukan EC, Marvel da DC suna nan a hannun masu su, don haka ba za a same su a waɗannan rumbuna ba. Hanyar samun su ita ce littattafan da aka sake bugawa. Jerin EC Archives ya tattara mujallun EC da sabon launi, kamfanin Fantagraphics kuma ya fitar da su baƙi da fari, kowane kundi na mai zane guda, kuma ni na fi son wannan saboda a nan ne ake ganin zaren tawadar Wood da Williamson ba tare da launi ya danne shi ba. Marvel ta tara dodannin Kirby a manyan kundaye biyu a 2017, DC kuma ta sake buga Strange Adventures baƙi da fari a jerin Showcase Presents mai sauƙin kuɗi.

Yayin karatu, a tanadi littafin rubutu. A rubuta sunan mujalla, lambar fitowa, sunan labari, abin da baƙon ya zo nema, da yadda aka rabu da shi. Bayan labarai ashirin za a fara ganin salon da ake maimaitawa, kamar baƙon da aka harbe alhali maganin cuta ya kawo, ko mayaƙan da suka fasa kawo hari saboda sun ɗauki abin wasa a matsayin makami, ko mai ba da labarin da kansa ya bayyana shi ne baƙon. Da yake yawancin labaran ba su ɗauke da sunan marubuci ko mai zane, rumbun bayanai na Grand Comics Database shi ne wurin da ake duba wanda ya yi wane aiki.

Mataki na huɗu: tantance kwafi na asali

Idan sha'awa ta kai ga sayen tsohon bugu, abin farko da za a nema shi ne ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin farko ko a cikin bango. A nan ake samun cikakken sunan mujalla, lambar fitowa, wata da shekara, da sunan mawallafi. Kada a ruɗe idan ba a ga sunan Marvel ba, domin Goodman ya yi amfani da sunayen ƙananan kamfanoni da yawa kamar Vista da Canam, haka kuma DC tana rubuta National. A kuma tuna cewa watan da ke bango yakan wuce ainihin lokacin fitowa da wata biyu ko uku, don mujallar ta daɗe a kan kanta ba a ce ta tsufa ba.

Farashin bango ma shaida ne. Sent 10 ya tsaya har wajen ƙarshen 1961, daga nan aka koma sent 12. Duk mujallar dodanni da ke ɗauke da sent 15 ko 20 ko 25 kuma da tambarin Marvel a kusurwa, to yawanci bugun shekarun 1970 ne, lokacin da kamfanin ya sake fitar da tsofaffin labaran a mujallu irin su Where Monsters Dwell da Where Creatures Roam. Waɗannan suna da daɗin karatu kuma suna da arha, amma a san cewa an taɓa wasu abubuwa a cikinsu. Misali, dodon Journey into Mystery ta 62 an kira shi Hulk a 1960, amma da aka sake buga labarin sai aka canza masa suna don kada a rikita shi da jarumin da ya zo daga baya. Akwai kuma kwafin da aka buga don kasuwar Ingila, masu farashin 9d, wato kwabo tara na tsohon kuɗin Ingila, a bango, da kuma mujallun Alan Class na can Ingila, masu kauri, baƙi da fari a ciki, waɗanda suka yi shekara talatin suna sake buga labaran Amurka.

Lambobin EC suna buƙatar kulawa ta musamman. Weird Science ta fara ne da lamba 12, Weird Fantasy kuma da 13, saboda Gaines ya gaji lambobin wasu mujallu da ya rufe don ya kauce wa biyan sabon kuɗin rajista a gidan waya. Daga baya aka gyara lissafin, sai ya zama akwai Weird Science ta 12 ta 1950 da kuma wata ta 12 ta 1952. Ta farkon ita ce fitowa ta ɗaya, kuma darajarta ta ninka ta biyun, don haka shekarar za a duba.

Bayan haka sai ƙirga shafuka. Yawancin mujallun wannan zamani suna da shafi 32 ban da bango, wato ganye takwas kafin a kai wayar ɗinki ta tsakiya da ganye takwas bayanta. Ganyen tsakiya shi ne ya fi saurin ɓallewa ya ɓace. A duba shafukan talla ko an yanke takardar oda da almakashi, domin yankan yakan tafi da wani ɓangare na labarin da ke bayan shafin. A duba wayoyin ɗinki ko sun yi tsatsa, a lanƙwasa kusurwar shafi a hankali, in ta karye kamar busasshen ganye to takardar ta mutu kuma babu gyara. A buɗe cikin bango a duba saitin ƙashin bayan mujallar: idan an ga tawada ta ratso, wani ya shafa launi don ɓoye tsagewa, kuma hakan yana rage daraja ƙwarai.

Mataki na biyar: farashi da ciniki

Masu wannan sana'a suna auna lafiyar mujalla da ma'auni daga 0.5 zuwa 10. Kamfanin CGC, wanda ya fara aiki a 2000, yana duba kwafi ya ba shi maki ya rufe shi cikin roba mai tauri, da shuɗin tambari ga wanda ba a taɓa ba, da shunayya ga wanda aka yi wa kwaskwarima. Kundin farashi na Overstreet yana fitowa tun 1970, amma abin da ya fi nuna gaskiyar kasuwa shi ne kuɗin da aka riga aka biya a gwanjon kwanan nan, domin abin da mai kaya ya ambata buri ne kawai. Shawarata ga mai farawa ita ce ya nemi kwafi mai maki 2 zuwa 4, wanda ya sha hannu amma shafukansa sun cika, ya kuma guji fitowar da wani sanannen suna ya fara bayyana a cikinta, kamar ta Groot, domin finafinai sun ɗaga farashinsu sama da hankali alhali fitowar da ke gabanta da wadda ke bayanta zanen Kirby ɗaya ne. Wanda zai yi oda daga ƙasar waje ya nemi hoton bango gaba da baya, da na tsakiya, da na ƙananan rubutun shafin farko, ya haɗa mujallu da yawa a aike ɗaya, kuma ya roƙi a sa su tsakanin kwalaye biyu masu ƙarfi.

Mataki na shida: adanawa

Takardar jarida tana ɗauke da sinadari mai cin ta daga ciki, kuma zafi da haske da laima suna hanzarta wannan ci. Kowace mujalla tana buƙatar jakarta ta leda ta musamman, mafi kyau irin ta Mylar, da kwali marar wannan sinadari a bayanta, sannan a jera su a tsaye cikin akwati yadda ba za su lanƙwashe ba. Girman jakar ya dace da zamanin, domin mujallun shekarun 1950 sun fi na yanzu faɗi, kuma tura su cikin ƙaramar jaka yana tsaga gefe.

Ga wanda ke zaune a ƙasashenmu masu zafi, wannan mataki ya fi sauran wuya. Na taɓa ajiye wasu kwafi uku a cikin akwatin ƙarfe a ɗakin da ke jikin bangon da ruwa ke bugu, na bar su damina guda ban duba ba, da na buɗe sai na tarar wayoyin ɗinki sun yi tsatsa har jan ya malala ya zagaye ramukan, takardar kuma ta yi ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa da warin rima. Tun daga nan nake ɗora akwati a kan kanta nesa da ƙasa da bangon waje, ina zuba 'yan ƙullin sinadarin tsotse laima irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ina canza su a farkon damina da tsakiyarta. Lokacin hunturu kuma matsalar ta juya, iska ta bushe har takarda ta yi ƙanƙas, ƙura kuma ta shiga ko'ina, don haka a rage buɗe su a waɗannan watanni. Gara da kyankyasai suna son takarda da gam, saboda haka a riƙa ɗaga akwatin ana duba ƙasansa duk wata, amma kada a fesa maganin ƙwari a kan mujallun kansu.

Kada a liƙa salatif a kan tsagewa, domin gam ɗinsa yana narkewa ya bar tabo mai launin ƙasa wanda ba ya fita, kuma kada a kai mujalla shagon da ake liƙe takardu da leda a injin zafi, domin wannan ya kashe ta har abada. Idan za a karanta, a wanke hannu a shanya, a cire salatif ɗin bakin jakar gaba ɗaya kafin a zaro ta don kada ya kama bango, a shimfiɗa ta a kan tebur, a juya shafi daga kusurwar sama ba tare da danne tsakiya ba.